Yadda ake zaɓar sirdin diresaj mai sauƙin kuɗi ga dokin da bayansa ke saurin ciwo

Diresaj wasan horon doki ne da ake yi a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, inda mahayi ke sarrafa dokinsa da zamansa da ƙafafunsa har mai kallo ya ɗauka dokin ne ke yin komai don kansa. Yana cikin wasannin Olamfik tun 1912. Sirdinsa ya bambanta da na tsallake da na yawo, domin mazauninsa mai zurfi ne, fiffikensa, wato fatar gefe da cinyar mahayi ke kwanciya a kai, dogo ne miƙaƙƙe, igiyoyin majayinsa dogaye ne, majayin kansa kuma gajere. Da yake mahayin diresaj yakan zauna daram ko da doki yana sassarfa, nauyinsa yana sauka a bayan dokin kai tsaye kuma na dogon lokaci, shi ya sa aibin da wani doki zai haƙura da shi, mai saurin ciwon baya ba ya ɓoye shi ko na mako guda.

Na daɗe ina saye da musayar irin wannan sirdi, kuma kuskuren da na fi gani wajen sabon shiga shi ne sayen saman sirdi. Yakan duba ƙyallin fata da laushin mazauni da sunan kamfani, alhali abin da doki ke ji yana ƙasa, wurin da ba kowa ke juyawa ya duba ba. Wanda kuɗinsa ba su da yawa, a ƙasan nan ya kamata ya kashe su.

Kafin mu shiga aiki, ga sunayen da zan riƙa amfani da su. Ƙashin sirdi shi ne ginshiƙin da ke ciki, na katako da ƙarfe ko na roba mai ƙarfi, wanda aka gina komai a kansa. Kwacciyar gaba da kwacciyar baya su ne tudun gaba da na bayan mazauni. Matasai su ne dogayen ƙunshi biyu da ke ƙasa, waɗanda suke kwanciya a naman bayan doki hagu da dama. Kwararo shi ne filin da ke tsakaninsu, wanda ƙashin bayan doki ke bi ba tare da an taɓa shi ba. Tudun kafaɗa kuwa shi ne ƙashin da ya ɗaga a inda wuyan doki ya haɗu da bayansa.

Kayan aiki

Za ka buƙaci alli, da tef ɗin awo mai inci da santimita, da babban kwali ko takarda mai kauri, da alƙalami mai kaurin baki, da almakashi. Za ka buƙaci lanƙwasasshen ma'auni irin na masu zane, wanda yake riƙe siffar duk abin da aka manna shi a kai. In babu shi, waya mai laushi mai tsawon santimita 60 ta wadatar, sai dai a naɗe bakinta biyu da tsumma don kada ta soki dokin. Sai farar shimfiɗar ƙarƙashin sirdi marar kauri kuma wankakkiya, da tocila, da wayar hannu don ɗaukar hoto, da dakali ko akwati mai ƙarfi na hawa. Sama da duka kana buƙatar mutum na biyu wanda zai riƙe doki, da daɓe mai daidaito inda dokin zai tsaya da ƙafafunsa huɗu a jere.

1. Ka tabbatar sirdi ne matsalar

Dokin da ke noƙe baya idan an shafa shi, ko ya kwantar da kunne da zarar ya hango sirdi, ko ya kai cizo lokacin ɗaure majayi, ko ya ƙi tsayawa a hau shi, yana faɗa maka akwai ciwo, amma bai faɗa maka inda ciwon yake ba. Gyambon ciki yana sa doki ya ƙi majayi. Akwai kuma lalurar da ƙasusuwan da suka tsaya a saman ƙashin baya suke matsowa har su riƙa gogar juna, wadda sai da hoton ƙashi ake tabbatar da ita. Ɗingishin ƙafar baya, ko da ɗan kaɗan ne wanda ido bai cika kamawa ba, yana sa sirdi ya riƙa zamewa gefe ɗaya, kuma binciken da likitar dawaki Sue Dyson ta yi da abokiyar aikinta Line Greve a Ingila ya nuna cewa idan aka kashe zafin ƙafar da allura, sau da yawa zamewar takan daina ba tare da an taɓa sirdin ba.

Saboda haka a fara kiran likitan dabbobi. Na san mai neman araha zai ga kamar wannan ƙarin kashe kuɗi ne, amma na taɓa sauya wa wata goɗiya sirdi har uku a cikin shekara guda, ina zargin kowanne, sai daga baya aka gano ciwon yana ƙafarta ta baya. Asarar da na yi wajen sayar da sirdin nan uku ta ninka kuɗin likita sau da yawa. Idan an ga kumburi ko ƙujewa a bayan, a bar dokin ya warke sarai kafin a yi masa awo, domin bayan da ke ciwo a ɗaure yake, kuma awonsa ba zai zama gaskiya ba.

2. Ka auna bayan dokin

A tsayar da doki a daɓe, kansa a miƙe yana kallon gaba. Ka laluba da yatsu har ka sami ƙarshen allon kafaɗarsa ta baya, ka yi layi da alli. Idan ka kasa ganewa, ka sa mai taimakonka ya ɗaga ƙafar gaba ya miƙa ta gaba, za ka ji allon yana komawa baya a ƙarƙashin hannunka. Wannan motsin shi ne dalilin da ya sa ba a ɗora sirdi a kan kafaɗa. Daga layin farko ka auna santimita 5 zuwa baya, wato kimanin yatsu uku, ka yi layi na biyu. A nan ne ƙafafun ƙashin sirdi, wato ƙarshensa biyu na gaba da suka sauko hagu da dama, za su sauka.

Daga nan ka nemi haƙarƙari na ƙarshe. Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe. Ka bi na ƙarshen da yatsa daga kwiɓi, ka hau da shi sama har inda ya kusanci ƙashin baya, ka yi layi na uku. Ka lura cewa haƙarƙarin a karkace yake, don haka kada ka ja layin a miƙe daga kwiɓi. Tsakanin layi na biyu da na uku shi ne iyakar filin da kake da shi. Bayan layi na uku ƙugu ne, ba shi da haƙarƙarin da zai tallafi nauyi, kuma duk sirdin da ya danna wurin zai sa doki ya riƙa tsalle da baya ko ya ƙi shigar da ƙafafunsa ƙarƙashin jiki. Ka rubuta tsawon wannan fili.

Yanzu ka ɗauki ma'aunin ko wayar, ka ɗora tsakiyarta a kan ƙashin baya daidai layi na biyu, ka manna ta a jiki hagu da dama ba tare da ka danna nama ba. Ka ɗaga ta a hankali, ka kwantar a kwali, ka zana cikinta, ka rubuta hagu da dama da ranar da aka yi awon. Ka maimaita a wurin da bayan ya fi faɗawa, sannan a layi na uku. A ƙarshe ka kwantar da wayar a tsaye, daga tudun kafaɗa zuwa layi na uku, don ka sami lanƙwasar bayan. Kowane awo a yi shi sau biyu, domin waya takan buɗe a hannu ba ka sani ba. Ka yanke kwalin awon farko, shi za ka riƙa cusawa a gaban kowane sirdi da kake tunanin saye. Kada ka yi mamaki idan ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya cika, dawaki da yawa haka suke.

Ka ɗauki hoton dokin daga gefe, sannan ka hau akwati a bayansa, nesa da inda harbinsa zai kai, ka ɗauki hoton bayan daga sama.

3. Ka auna kanka

Ana auna mazaunin sirdi da inci, daga kan ƙusar da ke gefen kwacciyar gaba zuwa tsakiyar kwacciyar baya. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin inci 16.5 da 18. Idan ka zauna a tsakiya, ya kamata a sami wurin yatsu uku zuwa huɗu tsakaninka da ƙarshen kwacciyar baya. Mazaunin da ya yi maka kaɗan yana tura ka kan kwacciyar baya, sai nauyinka ya taru a ƙarshen matasai, daidai inda dokin ya fi rauni. Idan kai dogo ne kuma filin bayan dokinka gajere ne, ka nemi sirdin da ƙarshen matasansa ya ɗaga sama, ko mai mazauni marar zurfi sosai, wanda yake ba da wuri ba tare da ya ƙara tsawo ba. Wani lokaci kuma gaskiyar ita ce mahayin ya fi ƙarfin dokin, kuma babu sirdin da ke gyara wannan.

4. Ka raba kuɗin, sannan ka zaɓi hanya

Shawarata ita ce ka ware kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake da shi, kada ka taɓa shi wajen ciniki. Wannan na ƙwararren mai daidaita sirdi ne, da gyaran cikon matasai, da majayi. Sirdi matsakaici da aka daidaita a jikin doki ya fi mai tsada da aka ɗora haka nan.

Da ragowar kuɗin hanyoyi biyu ne masu kyau. Ta farko ita ce sabon sirdin roba daga kamfanin da aka sani, kamar Wintec na Ostareliya ko Thorowgood na garin Walsall a Ingila, garin da ya yi suna a sana'ar sirdi. Irin waɗannan ba su da nauyi, ana wanke su da ruwa, kuma yawancinsu ana iya kwance ƙarfen da ke cikin kwacciyar gaba a sa mai faɗi ko matsattse idan jikin dokin ya sauya. Wannan ya dace da ƙaramin doki mai tasowa, ko wanda ya tashi daga jinya yana sake tara nama. Sai dai a fahimci iyakar abin. Sauya ƙarfen yana gyara buɗewar gaba ne kawai, ba ya sauya lanƙwasar ƙashin sirdi daga gaba zuwa baya. Idan ƙashin mai lanƙwasa ne kuma bayan dokinka shimfiɗaɗɗe ne, ko ƙarfe goma ka gwada ba zai zauna ba.

Hanya ta biyu ita ce sirdin fata na hannu daga tsofaffin kamfanoni irin su Passier da Kieffer na Jamus ko Albion na Ingila. Fatarsu tana daɗewa, kuma wanda aka kula da shi yakan yi shekaru masu yawa yana aiki. Haɗarin da ke ciki shi ne wasu tsofaffin ƙira kwararonsu matsattse ne ƙwarai, musamman ta baya, kuma wannan ba ya yi wa doki mai saurin ciwo.

Hanya ta uku, wadda nake hana mutane, ita ce sabon sirdin fata marar suna da ake sayarwa a farashin da ya yi kama da kyauta. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ado kaɗai ake rasawa ba. Na sha juya irinsu na tarar ƙashin a karkace tun daga masana'anta, ko matashi ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Kada ka dogara da rubutun faɗi da ke jikin sirdi. Wani kamfani yana rubuta matsattse da matsakaici da mai faɗi, wani yana rubuta lamba, kuma matsakaicin wannan yana iya zama mai faɗin wancan. Kwalinka ne alƙali.

5. Ka san abin da ke cikin matasai

Ciko iri uku ne aka fi samu, ulu da soso da iska. Ga dokin da muke magana a kansa, ulu na fi so, saboda yana ɗaukar siffar baya a hankali, kuma mai daidaita sirdi yana iya ƙara shi ko rage shi ta ƴan ƙananan kafofi a tsaye a gaban dokin. Aibinsa shi ne yana danƙarewa, yana yin gudaji idan an yi sakaci. Soso ba ya gudaji kuma ba ya buƙatar kulawa, amma ko dai ya dace ko bai dace ba, gyaransa kuma yana nufin sauya matashin gaba ɗaya, wanda ba aikin mai neman sauƙi ba ne. Na iska wasu dawaki suna son sa, wasu kuma ba sa son yadda yake motsi a bayansu, don haka sai an gwada.

Kowane iri ne, ka nemi matasai masu faɗi, masu laushi idan an danna amma suna dawowa, kuma gefensu na wajen kwararo a zagaye yake ba mai kaifi ba.

6. Ka binciki sirdin a ƙasa kafin ya kusanci doki

Wannan matakin ya fi muhimmanci ga na hannu. Ka tokare kwacciyar gaba a cinyarka, ka kama ta baya da hannu biyu ka ja zuwa gare ka. Ƙashin da ke da lafiya yana iya ɗan ba da kai kaɗan ya dawo, amma idan ka ji ƙas, ko ka ga fatar mazauni ta tattare sosai a tsakiya, ƙashin ya karye. Sannan ka sa gaban sirdin tsakanin gwiwoyinka ka matse, nan bai kamata ya motsa ko kaɗan ba, kuma bai kamata ya yi ƙara ba. Sirdi mai karyayyen ƙashi ba a cinikinsa, ko kyauta aka ba ka.

Ka tsayar da shi a kan kwacciyar gaba, ka kalle shi daga baya, ka ga ko tsakiyar kwacciyar baya ta yi daidai da tsakiyar ta gaba. Mahayin da ya shekara yana hawa daga ƙasa yana jan kwacciyar baya yakan murɗe ƙashin. Ka juya shi, ka bi matasai da tafin hannu daga gaba zuwa baya, kana neman gudaji ko rami. Ka auna kwararo da yatsu a gaba da tsakiya da ƙarshe. Ya kamata ya ci yatsu uku zuwa huɗu tun daga farko har ƙarshe. Mutane da yawa gaban kawai suke dubawa.

Ka ɗaga fiffike ka duba igiyoyin majayi da ɗinkinsu, da ƙarfen da ake rataya likkafa. Igiyar da ta tsage ko hudarta ta miƙe ana iya sauya ta da kuɗi kaɗan, haka ma danƙararren ulu, don haka waɗannan dalilin neman ragi ne, ba dalilin fasa saye ba. Ƙujewar fata da koɗewar launi kuwa ba ruwan doki da su, kuma su ne suke sauko maka da farashi.

Idan daga nesa za ka saya, ka nemi hoton ƙasan sirdin da tef a kwance a kan kwararo, ka aika da hoton awonka, kuma kada ka biya sai an yarda a rubuce cewa za ka gwada na wasu kwanaki ka mayar idan bai yi ba. Mai sayarwar da ya ƙi wannan, ka bar masa kayansa.

7. Ka ɗora shi a baya ba tare da shimfiɗa ba

A goge bayan dokin, a bar layukan alli. Ka ɗora sirdin a kan tudun kafaɗa, ka zame shi baya a hankali har ya tsaya da kansa. Kada ka ɗaure majayi tukuna. Ƙafafun ƙashin su kasance a layi na biyu, ƙarshen matasai kuma kada ya wuce layi na uku. Fiffike mai laushi yana iya rufe ɗan kafaɗa, wannan ba laifi ba ne, ƙashin ne ba a so a wurin.

Ka koma gefe ka duba. Wuri mafi zurfi na mazauni ya kasance a tsakiya, kuma a sirdin diresaj kwacciyar baya takan ɗan fi ta gaba tsawo. Ka ajiye guntun alli mai zagaye a mazauni, inda ya gangara ya tsaya nan ne nauyinka zai sauka. Idan ya gangara baya, yawanci gaban ya yi matsi ne har ya ɗaga. Idan ya gangara gaba, ya yi faɗi ya faɗa kan tudun kafaɗa.

Ka sa yatsu tsakanin kwacciyar gaba da tudun kafaɗa. Ana son yatsu uku kafin a hau, kuma kada ya gaza biyu bayan mahayi ya zauna. Ka duba gefe da gefen tudun ma, domin akwai sirdin da ke ba da wuri a sama amma yana matse gefe. Ka dubi gaban sirdin ta wajen wuya, karkatar matashi ta bi karkatar jikin dokin. Ka haska tocila ta kwararo daga baya, hasken ya fito ta gaba.

Yanzu sai aikin da ya fi buƙatar natsuwa. Ka danna mazauni da hannu ɗaya, ka cusa tafin ɗayan a ƙarƙashin matashi, ka ja shi daga gaba zuwa baya. Matsin ya zama iri ɗaya duk tsawon hanya. Idan ka ji matsi a gaba da baya amma tsakiya wayam, sirdin ya zama gada, nauyinka zai taru a wurare huɗu ƙanana maimakon ya bazu. Idan kuwa ka danna kwacciyar gaba ta baya ta ɗaga, ka danna ta baya ta gaba ta ɗaga, to yana lilo, kuma zai riƙa dukan tsakiyar baya a kowane taku. Ƙaramar gada, mai daidaita sirdi yana iya cike ta da ulu. Lilo mai yawa daga ƙashin yake, sai dai a mayar da sirdin. Ka yi wannan gwajin a hagu da dama, kana kallon kunnuwan dokin da idonsa.

8. Majayi, sannan hawa

Igiyoyin majayi su sauko a miƙe zuwa inda majayi ke kwanciya da kansa, kimanin tafin hannu ɗaya a bayan hammata. Idan sun sauko a bayan wurin, majayin zai ja sirdin gaba ya hau kafaɗa. Wasu sirdin suna da igiyar da aka ɗinke a kan ƙafar ƙashin don hana hakan, amma tana ƙara danna gaba, kuma na ga dawaki masu saurin ciwo da ba sa jure ta, don haka a fara gwada majayi mai lanƙwasa. Gajeren majayin diresaj yana da nasa tarko. Idan ya cika gajarta, ƙarafan ɗaurinsa za su tsaya daidai inda ƙafar gaba ke kai da komowa, su riƙa bugunta. A zaɓi tsawon da zai kai ƙarafan sama da wurin, ya rage kamar yatsu biyu ko uku su kai bakin shimfiɗa.

Ka sa farar shimfiɗar, ka ja tsakiyarta sama cikin kwararo don kada ta danne tudun kafaɗa. Ka ɗaure majayi huda ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, ka ja dokin ya ɗan taka tsakanin kowace huda. Ka hau daga dakali, wani ya riƙe maka likkafar ɗaya gefen, ka zauna a hankali.

Ka sake duba wurin yatsu a gaba. Ka yi tafiya ta minti goma da sakakken linzami, sannan sassarfa da ƙaramar sukuwa ta hagu da ta dama, da da'ira babba da ƙarama, jimilla minti 20 zuwa 30. Mai taimakonka ya ɗauki bidiyo daga gefe da kuma daga baya. A bidiyon ka duba ko ƙarshen sirdin yana ɗagawa yana faɗuwa, ko yana zamewa gefe. A dokin kuma ka duba ko takunsa ya gajarta, ko yana ɗaga kai yana faɗar da baya, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, yana buɗe baki, ko yana ƙin shiga sukuwa. Idan ya sauke wuya da kansa, ya yi furji, ya tsawaita taku, ka sami abin da kake nema.

Ka duba kanka ma. Idan ka saki ƙafafu, kunnenka da kafaɗarka da ƙugunka da diddigenka su kasance a layi ɗaya ba tare da ka yi kokawa ba. Manyan matokaran gwiwa, wato tudun da ke gaban fiffike, waɗanda ake yayi yanzu, suna burge mai koyo, amma idan ba su dace da tsawon cinyarka ba za su tura ka baya su ƙame maka ƙugu, kuma ƙamewar nan a bayan doki take ƙarewa. Waɗanda ake iya cirewa a sauya musu wuri sun fi.

9. Ka karanta bayan dokin bayan ka sauka

Ka ɗaga sirdin sama, kada ka ja shi. Gashin da ya murɗe ko ya tashi yana nuna sirdin yana goga. Gumi ya zama iri ɗaya hagu da dama, layin ƙashin baya kuma a bushe. Ƙaramin wuri busasshe a tsakiyar jiƙaƙƙen baya, musamman a bayan kafaɗa, yakan nuna matsi mai tsanani. Dattin da ya fito a farar shimfiɗa ma yana ba da labari, amma ni ban cika dogara da shi shi kaɗai ba, domin zafin rana da yanayin gashi suna sauya shi. Abin da na fi yarda da shi shi ne hannu. Bayan awa ɗaya, sannan da safe, ka bi naman baya da yatsu kana dannawa a hankali, kana neman zafi ko kumburi ko noƙewa. Farin gashi ba ya fitowa sai bayan makonni, kuma idan ya fito ɓarnar ta riga ta auku.

Hawa ɗaya ba ya isa. Doki yakan ji daɗin kowane sabon sirdi a ranar farko, don kawai matsin ya bar tsohon wurin da ke masa ciwo. Ka hau aƙalla sau uku ko huɗu a cikin kwanakin gwaji, kuma a cikinsu ne za ka kira mai daidaita sirdi. Ka nemi wanda ba shi ne ya sayar maka ba idan da hali. In babu irinsa a kusa, wasu suna duba awo da hoto da bidiyo daga nesa su ba da shawara, kuma likitan dabbobin da ya saba da dawaki yana iya duba maka bayan a ƙarshen makon.

10. Shimfiɗa da watannin farko

Mai doki mai saurin ciwo yakan so ya tara shimfiɗa don tausayi. Idan sirdin ya riga ya yi matsi, shimfiɗa mai kauri ƙara masa matsi take yi, kamar mai ƙaramin takalmi ne ya ƙara safa. Sirdin da ya dace siririyar shimfiɗa ta ishe shi. Fatar tunkiya mai gashi tana taimakon dokin da fatarsa ke saurin ƙujewa, amma a sa ta tun lokacin daidaitawa don a yi lissafin kaurinta. Shimfiɗa mai aljihu da ake cusa wa ƙananan ciko tana da amfani ga dokin da gefe ɗaya ya rame ko wanda yake tara nama, da sharaɗin abu ne na wucin gadi kuma ƙwararre ne ya faɗi inda za a sa.

Sabon ulu yana kwanciya bayan an hau shi na kimanin awa 20, don haka a sake duba sirdin bayan wata biyu ko uku, daga nan kuma duk wata shida. Ka riƙa maimaita awon waya kowane wata a kan kwali ɗaya da alƙalami mai launi daban. Dokin da ciwo ya bar shi yakan cika a bayan kafaɗa cikin ƴan watanni, kuma ranar da ka ga sabon layi ya fita wajen tsohon da kaurin yatsa, lokacin sauya ƙarfen gaba ko rage ulu ya yi.